BAKIN DAM BA JUJI BA NE

Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa ta bakin ruwa ce, muna kuma roƙo a karanta ta a majalisar dattawa da taron zumuntar mata tun kafin bukukuwan ƙarshen shekara su ƙaraso.

Washegarin Kirsimetin bara, matasanmu daga ikilisiyoyi uku suka yi hayar mota suka tafi shan iska bakin wani dam da ke kusa da mu. Suka yi waƙoƙi, suka ci, suka sha, suka dawo lafiya, kowa yana murna. Bayan kwana biyu sai wani dattijo masunci, Musulmi, wanda muka daɗe muna sayen kifi a hannunsa, ya yi sallama a ƙofar gida da buhu ɗaure a bayan kekensa. Bayan an gaisa ya sauke buhun ya ce, "Fasto, kayan yaranku ne suka manta, na ce bari in kawo muku." Da aka zazzage sai ga ledojin ruwa, da robobin lemo, da fasassun kwalabe, da takardun tsarin waƙa masu ɗauke da sunan ikilisiyarmu. A cikin tarkacen har da kwalabe biyu na maganin tari irin wanda ake sha don maye. Ya kuma gaya mana, ba tare da ɗaga murya ba, cewa waɗansu samari sun kwance masa kwalekwale ba izini, sun bi ta kan kallinsa sun keta shi.

Yaranmu sun amsa laifin kwalekwalen da na sharar. Kwalaben maye kuwa sun ce ba nasu ba ne, mun kuma yarda da su. Amma a buhu ɗaya aka kwaso su da takardar da ke ɗauke da sunanmu, kuma wanda ya gani a bakin ruwa ba zai tsaya tantancewa ba. Tun daga ranar muke juya wannan magana, ga kuma abin da muka tsaya a kai: lalacewar bakin dam ta shafe mu kai tsaye, muna da hannu a ciki, kuma ƙarancinmu ba hujja ba ce ta naɗe hannu.

YADDA MUKA SAMI RUWAN NAN

Matasa da yawa sun tashi sun tarar da dam, suna ganin kamar tun fil azal yake. Dattawa sun san ba haka ba ne. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin datse koguna gadan-gadan, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 kuma ya ƙara nuna amfanin abin. An gama dam ɗin Tiga a kudancin jihar a 1974. Mu a nan arewa, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 muka sami Tomas a ƙasar Ɗambatta da Makoɗa, da Watari a Bagwai, da Gari a wajen Kunci, da Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. Akwai iyalan da ruwa ya ci gonakinsu da kufansu kafin sauran jama'a su sami abin noman rani. Ruwan nan da tsada aka same shi.

Ƙasarmu kuwa kun san ta. Gona ta haɗe da gona, ba saura, ba daji, burtali ya ƙuntata. Wurin da ya rage a buɗe ga kowa shi ne bakin dam. Can makiyayi zai shayar da shanunsa, can mai tumatir da albasa zai kafa injinsa, can mata za su yi wanki, can mai koma da mai fatsa za su nemi karfasa da tarwaɗa, can kuma yara za su yi iyo. Wurin da kowa ke mora ba wanda ke kwana da tunaninsa. Mutum zai share ƙofar gidansa da asuba, amma ya je bakin ruwa ya yar da leda ko a jikinsa.

ABIN DA KE FARUWA

Mu fara da shara. Ledar ruwa da baƙar leda ba sa ruɓewa kamar ganye ko kara. Iska takan kwashe su ta zuba a ruwa, su toshe bakin tiyo da hanyoyin ban ruwa, su laƙe a koma. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ta rame ba a san dalili ba, za su gaya muku dunƙulen leda ne. Fasasshiyar kwalba kuma tana kwance a cikin taɓo tana jiran ƙafar yaro. Ko takin birni da iyayenmu suke ɗaukowa a kan jakuna don gyaran gona, yanzu sai an tsince leda da batir a cikinsa, abin da ya rage kuma ruwan sama ya gangara da shi dam.

Sai kuma mugun su. Dokar Tarayya mai lamba 108 ta shekarar 1992, wadda ta shafi kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta hana yin su da guba, ko nakiya, ko wutar lantarki. Ta kuma hana koma mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato kimanin inci uku, in ban da waɗansu nau'o'in da ta keɓe. Dalilin a fili yake: a bar ƙaramin kifi ya wuce, ya girma, ya yi ƙwai. Amma wa bai taɓa ganin ana jan ruwa da gidan sauro ba, wanda aka raba kyauta don kare yara daga zazzaɓi? Gidan sauro ba ya barin ko ɗan tsaki. Batun guba kuwa, manya sun tuna da Gamalin 20, maganin ƙwarin da aka riƙa zubawa a ruwa kifi ya taso a mace. Sinadarin da ke cikinsa an sa shi cikin jerin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina a shekarar 2009, a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm. Duk maganin ƙwari ko na ciyawa da aka zuba a ruwa, ko aka wanke tankin feshinsa a bakin gaɓa, ba kifi kaɗai yake samu ba. Saniya za ta sha, mu kuma mu ci kifin mu sha nonon.

Na uku, shaye-shaye. Da yamma ta yi, masu wanki sun watse, akwai lungunan bakin dam da suke zama matattarar masu wiwi da sholisho da ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da kuma yin sa a cikin gida. Duk da haka kwalabe biyu sun iso ƙofar gidanmu a cikin buhu. Inda irin wannan zama ya kafu, sai satar kifi a komar mutane ta biyo baya, da faɗace-faɗace, da tare 'yan mata a hanya, har uwa ta ji tsoron aiken 'yarta ɗiban ruwa.

Na huɗu, bahaya da fitsari a bakin ruwa. Tsargiya ba alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu suke ɗauka. Cuta ce ta tsutsa. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan dodon koɗi, daga nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki. Maganinta yana nan a asibiti, amma yaron da aka yi wa magani yau, in ruwan bai gyaru ba gobe zai sake ɗauka.

Kada kuma mu manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgin ruwa da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife, mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Hukumomi sun ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. 'Ya'yan maƙwabtanmu ne, juyayinsu namu ne. Darasin da ke ciki ya shafi kowa: ruwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa idan aka raina ƙa'idarsa. Samarinmu da suka kwance kwalekwalen mutum ba su iya tuƙi ba, Allah ne kawai ya tsare.

WASAI DA ARGUNGU

Akwai wurare biyu da ya kamata mu sa a gaba mu duba. Na farko yana nan kusa. Kogin Jakara daga cikin birnin Kano yake fitowa ɗauke da ruwan kwatami da na mayanka, ya haɗu da Getsi mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, su zube a dam ɗin Wasai. Masana sun sha auna ruwan suna samun dalma da waɗansu ƙarafa masu cutarwa. Mutanen Wasai ba su suka ɓata ruwansu ba, daga sama aka turo musu, gyaransa kuma ya fi ƙarfin ƙauye, sai gwamnati. Amma ya nuna mana inda ruwa yake ƙarewa idan kowa ya ɗauke shi wurin zubar da abin da ba ya so. Tomas da Watari da Gari ba su da Bompai a samansu. Dattin da ke bakinsu galibi namu ne na mazauna wurin da masu zuwa shan iska, saboda haka gyaransa yana hannunmu.

Wuri na biyu shi ne Argungu a Jihar Kebbi. Bikin kamun kifin can ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, a shekarar 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya take adanawa. Mutane suna ganin hoton ƙaton giwan ruwa su yi mamaki. Sirrin ba wani abu ba ne: gurbin Matan Fada a hane yake, ba a su a cikinsa sai lokacin biki, a ranar ma da homa da gora ake shiga. Sarkin Ruwa ne ke kula da wannan, jama'a kuma suna jin maganarsa. Ba katanga ce ta tsare Matan Fada ba. Mutane ne suka yarda cewa ruwan yana da mai shi, yana kuma da doka. Mu ma a garuruwan da ke da masunta akwai Sarkin Ruwa ko shugaban masunta, akwai mai unguwa, akwai dagaci. Tsarin yana nan, goyon baya ne ya yi ƙaranci.

ABIN DA ZA A CE MANA

Mun san wani dattijo zai ce, "Mu 'yan tsiraru ne. In muka ɗaga murya a kan bakin dam za a ce neman magana muke." Wannan tsoro ba na banza ba ne, duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san dalilinsa. Amma a duba ta ɗaya gefen. Saboda mu kaɗan ne, laifin mutum ɗaya a cikinmu na dukanmu ne. Tun can ana danganta kakanninmu da tukunyar giya, har yau kuma idan aka tsinci kwalba a bakin ruwa akwai waɗanda mu za su fara kallo, ko da hakki ko babu. Shirunmu bai taɓa wanke mu daga wannan zargi ba. Abin da zai wanke mu shi ne a riƙa ganinmu da tsintsiya da buhu. Ba mu ce a je a yi wa kowa wa'azi a bakin ruwa ba, ba mu kuma ce mu kafa 'yan sintirinmu na kanmu ba, wannan kam zai jawo abin da ake gudu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu fara sauka daga kan namu.

Wani zai ce aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai rabonta: jami'an kula da kamun kifi, da ma'aikatan duba-gari, da rigunan ruwa a jirage, da hukunta masu sayar da ƙwaya. Mu nema ta hannun kansila da ƙaramar hukuma, a rubuce, cikin ladabi, tare da sauran jama'ar gari. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, saboda haka abu ne da hukuma za ta iya in ta sa kanta. Amma babu gwamnatin da za ta ajiye ma'aikaci a bayan kowane yaro mai shan ruwan leda. Hannun da ya yar shi ne ya fi kusa da ɗauka.

Wani kuma zai ce, mai jan ruwa da gidan sauro yunwa ce ta sa shi, ba mugunta ba. Wannan ita ce magana mafi nauyi, kada mu amsa ta da gatse. Akwai irin waɗannan a cikin ikilisiyoyinmu. Sai dai wanda ya kwashe 'ya'yan kifi bana, irin shukarsa ya dafa ya ci. Kifi ya fi hayayyafa da damina, lokacin da yawancinmu muke gona. In masunta suka amince a sassauta wa ruwa a wannan lokaci, su ne za su fara cin riba da rani. Wanda kuma ba shi da kuɗin koma ta ƙa'ida, ina amfanin adashenmu da baikon taimako in ba za su iya saya masa ba? Hana mutum abu ba tare da nuna masa mafita ba, tura shi yin su da dare ne kawai.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya: kada wata ƙungiya ta ikilisiya ta sake zuwa bakin dam da sunan ikilisiya sai an sanar da mai unguwar wurin da Sarkin Ruwa tun da wuri. A tafi da dattijo ɗaya da uwa ɗaya. A tafi da buhuna, a dawo da duk abin da aka je da shi, har da wanda aka tarar. Ba mai taɓa kwalekwale ko komar wani. A ƙirga yara wajen tafiya da wajen dawowa, a bar wurin kafin faɗuwar rana.

Na biyu: dattawa su je wurin dagaci ko mai unguwa su nemi a zauna da liman, da Sarkin Ruwa, da ardon Fulani, da shugaban manoman rani, a tsara dokar bakin ruwa wadda kowa ya sa baki a ciki: ina za a shayar da dabbobi, ina za a yi wanki, ina ne ba a wankin babur ko tankin feshi. Kada mu nemi shugabancin wannan zama. Mu ce hannu muka kawo.

Na uku: Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda aka saba warewa don tsabtace muhalli a jihar nan, 'yan B.B. da G.B. da ƙungiyar matasa su fita bakin ruwa na awa biyu, a gayyaci samarin unguwa a yi tare. Robobi da gwangwanaye a sayar wa 'yan jari bola, kuɗin ya shiga sayen buhuna da safar hannu. Fasassun kwalabe da ledar da ba ta sayuwa a binne su a rami mai nisa da ruwa, inda ambaliya ba ta kaiwa.

Na huɗu, ga iyayenmu mata, domin kasuwa a hannunku take: ku daina sayen 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa da ba su kai ko tsawon yatsa ba, komai arharsu. In aka rasa mai saye za a rasa mai kamawa. Gidan sauron da aka ba ku kuma ya tsaya a kan gadon yara.

Na biyar: yaron da ya faɗa shaye-shaye, namu ne ko na maƙwabci, ba duka ko tozartawa zai gyara shi ba. A sami iyayensa a asirce. In abin ya yi nisa akwai asibitin Dawanau da sauran wuraren da ake kula da irin wannan. Mai sayarwa kuwa a kai maganarsa wurin mai unguwa, shi ya miƙa ga hukumar NDLEA. Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa.

Na shida: a koya wa yara a makarantar Lahadi da gida yadda tsargiya take yaɗuwa, duk wanda aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti ba tare da kunya ba. Inda jama'a suke taruwa a bakin dam, a nemi izini a haƙa salga can nesa da gaɓa.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da yake bukatar kuɗi mai yawa ko takardar izini daga Kano. Abin da suke bukata shi ne dattijon da zai tashi a majalisa ya ce, wa zai je, yaushe kuma?

Game da dattijon nan masunci, matasanmu sun yi karo-karo sun biya kuɗin gyaran kallinsa, dattawa biyu suka raka su har gida suka ba shi haƙuri. Ya karɓa, ya sa musu albarka, ya kuma ce in suna son shiga kwalekwale su zo da rana ya koya musu tuƙi. Ya iya kai ƙara wurin mai unguwa ko 'yan sanda, da maganar ta zama wata aba dabam, amma ya zaɓi ya ɗauro buhu a keke ya zo ƙofar gidanmu. Irin wannan maƙwabtaka ba a samunta a kasuwa, bai kuwa kamata mu sa shi ya sake ɗauro wani buhun ba.

Kirsimeti tana tafe. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta tattauna waɗannan abubuwa shida, ta kuma aiko mana da abin da ta yanke domin mu sanar da sauran 'yan'uwa a fitowa ta gaba. Ubangiji ya ba mu hikima da zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kuma tsare 'ya'yanmu da nasu a bakin ruwa. Amin.